Mudi Mai Gora da Tafiyar Awa Biyar

Mudi Mai Gora bai taɓa kashe mutum nan take ba. Abin kirkin da ake iya faɗi a kansa ke nan, shi ma ba tausayinsa ne ya kawo haka ba, waɗanda ya daka ne suke da sauran kwana.

An haife shi a Unguwar Kanya, ƙauyen da yanzu yake ƙarƙashin ruwan Tiga. Gajere ne mai faɗin ƙirji, wuyansa da kansa kaurinsu ɗaya. Da damina yana noma kamar kowa. Da rani kuwa aikinsa biyu ne, gadin fadama da farauta. Masu rake da albasa sukan ɗauke shi ya hana shanu shiga gonakinsu. In kuma aka buga gangi, garuruwa suka fita farauta dajin Falgore, shi ne a gaba. Dokar farauta ita ce nama na wanda ya fara sara ne, amma wannan a gari ake faɗinta. A daji nama na wanda ya rage a tsaye ne, kuma Mudi ne yakan rage. Gorarsa ta kai tsawonsa, maƙeri ya sa mata zoben ƙarfe uku a kai. Sau biyu alƙali ya tura shi gidan yari, sau biyu ya fito ya ƙara ƙiba.

Ubansa, Alhaji Alasan, ko akuya bai iya duka ba. Ya tafi Makka a ƙafa Mudi yana shekara takwas, ya dawo Mudi yana sha biyar. Shekara uku ya yi kafin ya ga Jidda. Ya bi ta Barno da Wadai, ya tsaya ƙwadago a gonakin audugar Sudan, sannan ya haye bahar a jirgin ruwa. Ya dawo da tafin ƙafa kamar ƙirgi, ɗan yatsa ɗaya kuma ya bar shi a Wadai inda ƙaya ta ruɓar da shi. In ya zauna a zaure yana shafa wa ƙafar man shanu, yakan ce wa yara, ba Makka kaɗai ke wanke mutum ba, hanya ma tana wankewa, kowane taku laifi ɗaya yake kaɗewa.

Tsohon ya faɗa ne don ya ƙarfafa zuciyar masu niyya. Mudi ya ɗauke ta daban. Ya ajiye ta a ransa kamar yadda ake ajiye ramin zuba shara a bayan gida. Duk kan da ya fasa, duk ƙashin da ya karya, ya san wata rana zai kama hanyar gabas, shekara uku na tafiya su kaɗe su tsaf. Taku nawa ne a shekara uku? Ko ya daki rabin ƙasar Kano ba zai cinye su ba. Da wannan tunanin ya yi shekara talatin da wani abu yana barci lafiya.

A 1974 ruwan dam ya taso. Aka kwashe mutanen Unguwar Kanya aka kai su sabon matsuguni a kan tudu, ta wajen Bebeji. Mudi ya riƙa komawa bakin ruwan yana kallo. Ruwa ya ci fadamar da ya yi wa gadi, ya ci zauren ubansa, ya ci maƙabarta, ƙarshe ya bar kan kanyar kaɗai a waje, sannan ita ma ya rufe ta. Shekararsa hamsin da biyar, gwiwarsa ta fara ƙara in ya miƙe. Ya ce wa matarsa Delu lokaci ya yi, zai tafi.

Sai aka gaya masa yanzu mai ƙafa ba ya wuce iyaka sai da takarda, takarda kuma masu jirgi ake ba wa. Ya yi faɗa, ya yi zagi, daga baya ya sayar da shanun nomansa ya kama kujera ta shekara mai zuwa. A ransa ya ce ko jirgi ne ai sai ya yi watanni, a kan hakan ma ya rage wani abu.

Ranar da ya je Kano allurar rigakafi da hoton fasfo, ya tambayi ma'aikacin da ke buga hatimi.

"Malam, kwana nawa jirgin nan yake yi?"

"Kwana? Baba, awa biyar ne, wani lokacin ma ba ya kaiwa. In kun tashi da hantsi, a Jidda za ku yi la'asar."

"Jidda fa nake nufi. Wadda take bayan bahar."

"Ita nake nufi. Mil dubu biyu da ɗoriya daga nan."

"Ubana shekara uku ya yi."

"Ubanka ba shi da fiffike. Matsa, na bayanka ya zo."

Mudi ya fito ya zauna a bakin kwata. Awa biyar ko kasuwar Tudun Wada ba ta kai shi daga gida in a ƙafa ne. Kuma wani da ya taɓa zuwa ya ce masa a zaune ake, a ɗaure da kujera, har shayi ake kawowa. Ko taku ɗaya babu. Ramin da ya yi shekara talatin yana dogaro da shi, an zo an cike shi da ƙasa.

Ya kai maganar wurin limaminsu, Malam Umaru, wanda shi ma ya taɓa ɗaure wa mutum fasasshen kai bayan Mudi ya wuce. Liman ya saurare shi har ƙarshe.

"Kai da mahaifinka duk kun ɗauki abin a baibai," in ji shi. "Shi dai bai daki kowa ba, shi ya sa bai cutu ba. Ba ƙafa ba jirgi, Mudi. Abin da ke tsakaninka da Allah, sai ka tuba. Abin da ke tsakaninka da mutum kuwa ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe da bakinsa. Ko da rarrafe ka je Makka, yana nan yana jiranka."

Kowa ya san al'adar mai niyyar hajji, yakan zaga dangi da maƙwabta yana neman gafara kafin ya tashi. Yawancin mutane hantsi ɗaya suke gamawa, a yi dariya, a ce ai ba ka yi mana komai ba, a ba shi saƙon addu'a. Mudi ya zauna yana ambaton sunaye, Delu tana ƙara masa waɗanda ya manta. Kwana goma sha biyu suka rage a kira su sansanin alhazai. Ya ce a ƙafa zai bi su, don maganar ubansa ba ta fita daga kansa duka ba.

Da Delu ta ga ya ɗauki gorar, ta tare ƙofa.

"Malam, ajiye ta. In ka fita da ita sai ka ƙaro wasu sunayen."

"Ba ni zan riƙe ta ba."

Ta dube shi, ta matsa.

Ƙananan ya gama su a kwana biyu. Manyan uku ne. Na farko Gwadabe, mai sayar da goro a Bebeji, wanda suka yi jayayya a kan naman gada a Falgore, zoben gorar ya fasa masa idon dama har ruwan ya zubo kan rigarsa. Mudi ya yi sallama, ya durƙusa a gefen faifansa.

"Zagayo ta nan," in ji Gwadabe. "Wancan ɓangaren kai ka rufe shi, ka manta?"

Mudi ya zagayo. Ya ce Makka za shi, ya zo neman gafara. Ya ajiye gorar a gabansa ya ce in yana son ramawa, ga ta.

Gwadabe ya yi dariya har da tari. Ya kira maƙwabtan rumfa su zo su ga abin da ruwan Tiga ya koro. Sannan dariyar ta tsaya. Ya ɗauki gorar, ya jinjina ta, ya miƙe. Bugun farko a kafaɗa ya sauka, ba ƙarfi, don mai ido ɗaya ba ya auna nisa daidai, ga tsufa. Wannan ya ƙara ba shi haushi. Na biyu ya same shi a kan gira, fata ta tsage, jini ya rufe wa Mudi fuska. Gwadabe ya tsaya yana haki, yana jira ya ga ko zai taso. Bai taso ba.

"Ido nake nema na kuskure," in ji Gwadabe. Ya jefar da gorar. "Na yafe. Ka zo mini da zamzam in ɗiga a wanda ya rage. Tashi, kana ɓata mini goro."

A Kafin Maiyaki akwai wani da ya taɓa karya wa ƙafa, ba ya cikin manyan, amma yana kan hanya. Mutumin ya hango Mudi da gora da ƙyalle mai jini a goshi, ya ja ƙafar ya shige ɗaki ya sa sakata. Ta bayan ƙofa aka yi maganar. Kafin Mudi ya gama bayani mutumin ya ce ya yafe, ya yafe wa iyayensa ma, ya wuce kawai.

Na biyu Isa mahauci, a Tudun Wada. Ranar kasuwa Mudi ya isa, kuma kuskure ya yi da ya shiga ta rumfar mahauta da gora a kafaɗa. Shekara goma sha ɗaya kafin nan ya karya wa Isa muƙamuƙi, har yau bakinsa a karkace yake, nama yake sayarwa amma kunu yake sha. Abokan sana'arsa ba su jira sallama ba. Ɗaya ya doki Mudi a ƙeya da gungumen da ake sara ƙashi a kai. Ya faɗi, suka rufe shi. Wani da ƙafa, wani da ƙahon sa, wani da bayan wuƙa. Ya ji haƙarƙarinsa biyu sun ɓalle kamar busasshen kara.

Gorar tana ƙarƙashinsa, hannunsa na dama yana kanta. Ya san inda gwiwar kowannensu take, ya san da juyi ɗaya zai kwantar da uku.  A duk rayuwarsa bai taɓa yin aiki mai wuya kamar kwanciyar nan ba. Ya cusa hannun a ƙarƙashin cikinsa ya danne shi da nauyinsa.

Isa ne ya tsayar da su. Ya sunkuyo, yana magana ta gefen baki.

"Mudi, me ya hana ka tashi? Ko an karya maganin ne?"

"Makka za ni," in ji Mudi, jini da ƙasa a bakinsa. "Gafara na zo nema."

"Da gora?"

"Kai na kawo wa."

Isa ya dubi gorar, ya dubi abin da aka riga aka yi.

"Sun riga ni," in ji shi. "Ba su bar mini wurin bugu ba. Na yafe. Ku janye shi daga nan, ƙudaje sun bar nama sun koma kansa."

Kwana biyu ya yi kwance a zauren wani mai unguwa, an ɗaure masa ƙirji da tsumma. Rana ta uku ya miƙe ya kama hanyar kudu, ta cikin Falgore. Direbobin manyan motoci biyu suka tsaya suka ce ya hau, ya ce a'a. Lokacin kaka ne, ana yankan dawa, mata a gonaki suna tsayawa su kalli tsohon da ke tafe a karkace yana dogara gora. Ya isa Doguwa saura kwana uku a kira su.

Na uku shi ne Rufa'i, kuma shi ne wanda Mudi bai taɓa ba da labarinsa a zaure ba. Bafulatani ne mai kiwo. Shekara goma sha biyar kafin nan ya bi ta Unguwar Kanya da shanunsa da rani, uku suka ɓalle suka shiga raken da Mudi ke gadi. Rufa'i ya shigo yana korarsu yana ba da haƙuri. Mudi ya kayar da shi, ya taka masa wuyan hannun dama a kan dutsen da ake wasa adda, ya sauke masa kan gorar sau uku. Ya ce hannun da bai iya riƙe sanda ba, ba shi da amfani. Matar mutumin tana tsaye a bakin fadama da ƙwarya a ka. Daga baya Mudi ya ji sun zauna a wajen Doguwa sun haɗa da noma, bai ƙara tambaya ba.

Aka nuna masa rugar, a gindin wani dutse. Da la'asar ya isa. Wata farar tsohuwa doguwa tana dakan gero ita kaɗai, sunanta Baturiya. Ya yi sallama. Ta ɗago, ta dubi fuskarsa da ta kumbura, ta dubi gorar. Gorar ta fara ganewa.

"Ta ƙara zobe ko ukun nan ne?" in ji ta.

"Su ne."

"Me ka zo yi?"

"Maigidan nake nema."

"Ka makara da shekara goma sha uku."

Ta ci gaba da dakanta, tana ba shi labarin tsakanin bugu da bugu, ba ta ɗaga murya ba. Hannun ya kumbura, ya yi baƙi, ya yi wari har karnuka suna bin su. Aka yanke a gwiwar hannu. Baƙin ya haura, aka sake yankewa a kafaɗa. Ya rayu shekara biyu. Ba ya iya ɗaure ɗan maraƙi, ba ya iya jan guga. Da hagu yake cin abinci, saboda haka ya daina ci a gaban mutane, daga baya ya daina ci sosai. Ita ta riƙa ɗaura masa wando. Wata damina ya kwanta, bai tashi ba.

"Yaran sun tafi da shanu," in ji ta. "Da suna nan da sun kashe ka, ka huta."

Mudi ya durƙusa da ƙyar. Ya gaya mata maganar Makka, da jirgi, da awa biyar, da abin da liman ya ce. Ya tura mata gorar.

Ta sa ƙafa ta ture ta. "Ba zan taɓa itacenka ba."

Ta juye geron a ƙwarya, ta rufe da faifai don kaji. Ta kifar da turmin.

"Ɗora."

Ya gane. Ya ɗora hannun dama a gindin turmin, ya baje yatsu. Ta gyara tsayuwa kamar yadda ta yi tun tana yarinya, ta ɗaga taɓarya da hannu biyu. Mace da ta yi shekara hamsin tana daka ba ta kuskure. Bugun farko ya sauka a bayan hannun, ƙasusuwan suka yi ƙara kamar an taka gyaɗa. Mudi ya ciji leɓensa har haƙori ya huda. Hannun ya so janyewa da kansa, ya sa na hagu ya riƙe shi. Na biyu ya sauka a kan yatsu, farce biyu suka tashi. Fitsari ya kuɓuce masa. Ta jira ya buɗe ido, don tana son ya ga na ukun. Na ukun ya sauka a wuyan hannu.

Ta jingine taɓaryar, ta ɗebo ruwa ta wanke bakin taɓaryar, don da ita za ta ƙarasa dakan.

Da numfashinsa ya dawo, ya ce, "Kin yafe?"

"Wannan nawa ne," in ji ta. "Na wandon da na ɗaura, da warin da na shaƙa, da ranar da na tsaya da ƙwarya ina kallo. Nawa ya fita. Nasa kuwa ban yafe ba, ba ni aka yanka ba. Ga shi can bayan garke, inda duwatsun nan suke. Je ka tambaye shi."

"Ta yaya zan tambaye shi?"

"Ni ma ban san hanyar ba. Ka tambayi masu jirginka."

Ya ja jiki ya je wurin duwatsun. Tudun ya riga ya lafe, ciyawa ta rufe shi. Tsakaninsa da mutumin bai wuce kamu uku na ƙasa ba. Ya yi magana, ya sake yi. A bayansa ya ji an koma daka.

A nan ya bar gorar. Wannan karon da mota ta tsaya bai ƙi ba, don ba zai iya ba. Maɗori a Tudun Wada ya duba hannun ya ce wannan ba karaya ba ce, ƙashin ya zama gari ne, amma ya jera kara ya ɗaure. Da ya isa gida Delu ta warware tsumman ta leƙa.

"Wa ya yi?"

"Mace."

"Ta iya aiki."

Sai a lokacin ya tuna cewa kunnen Delu na hagu ba ya ji tun wani mari da ya yi mata suna da ƙuruciya, kuma ya zaga garuruwa huɗu bai tambaye ta ba. Ya tambaya. Ta ce ta yafe tun tuni, ba don ya cancanta ba, don aiki ya yi mata yawa ne ba ta da lokacin riƙo.

Da hantsi jirginsu ya tashi daga Kano, kamar yadda ma'aikacin ya faɗa. Ya ɓoye hannun a cikin babbar riga. Wani ɗan kasuwa da ke kusa da shi ya ɗaura masa bel ɗin kujera. Zazzaɓi yana cinsa. Ta taga ya ga ƙasa ta koma launin turɓaya, ba gari, ba hanya, ba mutum. Ya tambayi ɗan kasuwar ina Wadai, mutumin ya ce ƙila an wuce. Ya tambayi ina gonakin Sudan, ya ce ƙila su ne a ƙasa. Aka kawo shayi, ya karɓa da hagu, rabi ya zube. Bai gama shan sauran ba aka ce ga bahar. Ruwan da ubansa ya kwana a kansa yana amai, kafin Mudi ya gyara zama an haye shi.

Jirgi ya sauka, mutane suka miƙe suna salati. Mudi ya ƙi tashi.

"Baba, Jidda ke nan. Mun iso."

"Ku kun iso," in ji Mudi.

Mutum biyu suka ɗaga shi. Ya yi aikin hajjinsa duka, bai bar ko ɗaya ba. Da hagu ya yi jifa, tsakuwoyin suna faɗuwa a gabansa yana tsintowa. Ya sayo wa Gwadabe zamzam. Awa biyar ta sake mayar da shi Kano.

Hannun bai ruɓe ba, ya bushe ne ya naɗe kamar ƙafar kaza. Ya daina noma, ya koma gyaran komar masunta a bakin dam, da hagu da haƙori. In an ce Alhaji yakan amsa, amma sai an kira sau biyu. Malam Umaru ya gaya masa in mai haƙƙi ya mutu, magadansa suna iya yafewa. Saboda haka duk kaka, in an gama yankan dawa, Mudi yakan kama hanyar Doguwa a ƙafa. Shekara ta farko ya tarar da 'ya'yan Rufa'i biyu, suka zubar masa da haƙora uku da sandunan kiwo, suka jefa shi a rafi. Ta biyu suka mare shi kawai. Ta uku ko tashi ba su yi ba, suka ce maganar tana hannun Inna. Ita kuwa amsarta ba ta sake ba. Takan ba shi ruwa a ƙwarya don baƙo ne, ta nuna masa duwatsun da baki, ta koma aikinta.

A kakar 1979 ya tashi karo na huɗu, ƙirjinsa yana kuka ta inda haƙarƙarin suka ɓalle. Bai wuce Tudun Wada ba. A zauren mai unguwar nan ya kwanta, bayan kwana uku ya rasu da rana tsaka. Isa mahauci yana cikin waɗanda suka ɗauki makara, ya ce bai taɓa ɗaukar gajeren mutum mai nauyi haka ba.

Bayan mako biyu wata mai sayen nono ta kai labarin rugar. Baturiya tana tankaɗe. Ta tambaya ko a hanyar zuwa ne ko ta komawa, aka ce ta zuwa. Ta kaɗe rariyar a gefen ƙwarya.

"To, yanzu ya je inda Rufa'i yake," in ji ta. "Su yi maganarsu."